Sada Mai Fenti da Rijiyar Tafashiya

Duk wanda ya sauka a tashar Kankiya ya tambayi rumfar Sada Mai Fenti, sai an yi murmushi tukuna kafin a nuna masa. Rumfar tana bakin titi, tsakanin wani mai faci da wata mai abinci, kuma allon da ke kanta ya fi na kowa muni a layin. Rana ta cinye rabin rubutun, ruwan sama ya wanke lambar wayar. Sada kan ce da gangan ya bar shi haka, don kada masu kawo aiki su sa rai da yawa.

Mutum ne gajere mai tumbi, da wushirya, da kunnuwa masu faɗi waɗanda hula ba ta taɓa rufe su ba. Shekarunsa sun haura arba'in. Sana'arsa rubuta allunan shaguna da yi wa manyan motoci ado a baya. Amma ba ita ta sa aka san shi ba. Abin da ya sa aka san shi wani jarumi ne da yake zanawa a kan kwali, mai suna Bube Sha-Gudu, wanda bai taɓa cin nasara a kan komai ba tun da aka ƙirƙire shi.

A Ƙofa aka haife shi, cikin ƙasar Kusada, a gidan malamai. Mahaifinsa, Malam Dawuda, yana da makarantar allo, yana noma, kuma duk wanda zai yi saukar karatu a ƙauyukan nan, gidansa ake kawo allo a yi masa zayyana. 'Ya'yansa maza biyu ne. Babban, Zainul Abidin, ya ɗauko kan karatu. Ƙaramin, Sada, ya ɗauko hannu. Tun yana yaro, in ya ja layi da alƙalamin kara ba ya karkacewa, har mahaifin kan ɗaga allon ya nuna wa baƙi. Matsalar tana farawa ne in an zo wajen cike gidajen zayyanar da launi.

"Sada, ja na ce maka ka sa nan."

"Ai ja ne, Baba."

Sai ranƙwashi ya sauka. Gobe ma haka, inda aka ce kore ya sa ja, inda aka ce ja ya sa kore, yana kuma rantsuwa daidai ya yi. Gida ya yanke hukunci cewa yaron sakarai ne, shi ma da ya ga kowa ya yarda, sai ya bi bayan jama'a. Karatun bai yi nisa ba. Yayansa ya sauke, ya tafi Katsina neman ilimi, ya dawo ya gaji makarantar. Shi kuwa Sada ya ɗaure kayansa a leda ya nufi Kankiya koyon rubutun allo.

A nan ya koyi dabarun ɓoye abin da shi kansa bai san sunansa ba. Ya haddace inda kowane gwangwanin fenti yake zama. In an gusa masa su, sai ya ce da na kusa, "Miƙo mani jan nan," kamar ganda ce ta hana shi tashi. Duk da haka akan kama shi. Akwai wani mai sayar da kayan miya da ya ba shi aikin allo, ya zana masa tumatir manya-manya masu ƙyalli, ya kai masa da alfahari. Mutumin ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Malam Sada, ɗanyen tumatir ka ga ina sayarwa?"

A shekarun nan ne ya haɗu da Sagir, abokinsa har yau. Sagir ke kula da wani gidan kallo a bayan tasha, zamanin kaset da janareta. Kullum da rana zai kawo wa Sada kwalin fim ɗin da za a nuna, shi kuma ya kwaikwayi hoton a babban allo da alli mai launi, a jingine a ƙofa don jawo mutane. Fina-finan kasada aka fi so: mutum ɗaya ya ratsa daji, ya tsallake kogi, ya karkashe rundunar bos, ya fito da akwatin dukiya ko gumi bai yi ba. Sada ya iya zana ƙirji da damtse da bindiga da jirgin sama yana cin wuta. Fuska ce ta gagare shi. Ko Bature ne, ko Ba'indiye, ko ɗan Sin, in ya gama sai ka ga kunnuwa sun buɗe, haƙora sun rabu a tsakiya. Masu wucewa su tsaya su ce, "Yau ma Sada ne akta?" Ya goge ya sake, ta sake fitowa tasa. Daga baya ya daina gogewa.

Ya auri Hassana, 'yar Tafashiya, mai yin lalle da rinin kaya. Ita ta gano abin da gidan malamai guda bai gano ba. Suna amarci ya yaba mata wani mayafi, ya ce jan nan ya karɓe ta. Mayafin kore ne shar. Washegari ta zuba barkono nunanne da ɗanye a faifai ɗaya, ta ce ya taya ta warewa. Ya zauna da himma ya yi kashi biyu, kowane kashi a cakuɗe. Da wasu likitocin ido suka zo gari duba mutane, ta tasa shi gaba. Aka nuna masa wasu takardu masu ɗigo-ɗigo, aka ce ya faɗi lambar da ke ciki. Ya ce shi bai ga lamba ba, sai dai kamar an watsa gero. Likitan ya ce haka aka halicci idonsa, ba ya rarrabe ja da kore, kuma babu magani, babu kuma laifinsa.

A hanyar komawa gida Sada ya riƙa tuna ranƙwashin Ƙofa.

"Ashe dai ba sakarci ba ne," ya ce.

"Wanga dai ba shi ba ne, Malam," Hassana ta ce. "Sauran kuwa likita bai duba ba."

Zamani ya juya. Waya ta shigo hannun kowa, gidan kallo ya koma na ƙwallo, ba a bukatar allon talla. Sagir ya buɗe teburin cajin waya da tura fina-finai, 'yan taku kaɗan daga rumfar Sada. Ran da babu aiki, sai Sada ya je ya zauna a bencinsa suna kallo a kwamfuta, yana ta mita. Shi abin da ya dame shi, jaruman nan ba sa jin yunwa, ba sa neman bayan gida, ba a taɓa ganin ƙaya ta soki ɗayansu ba. Wata rana suka ga wani yana tafiya a hankali, gini ya tashi da wuta a bayansa, ko waiwaye bai yi ba.

"Ƙarya ce wallahi," Sada ya ce. "Ni jiya taya ta fashe wurin mai faci, ban san sadda na tsinci kaina bayan tukunyar mai abinci ba, ina riƙe da ludayinta."

Ya koma rumfa, ya yanko gefen kwalin sabulu, ya raba shi gida-gida da fensir. A gidan farko ya zana jarumi yana tafiya, wuta na tashi a bayansa, bai waiwaya ba. A na biyu aka ga dalili: wuyansa ne ya sanƙare saboda ya kwana a kan buhu. A na uku wutar ta kama masa wando. A na huɗu babu kowa, sai takalmi ɗaya da ƙura. Fuskar kuwa wannan karon bai yi faɗa da ita ba, ya bar ta ta fito yadda ta saba, ya ƙara mata tumbi. Ya rataya wa jarumin buta a kafaɗa, ya ba shi tocila mara batir, ya sa masa suna Bube Sha-Gudu.

Da kansa ya shafa launi ya kai gida. Hassana ta duba, ta yi dariya a inda ya so a yi, sannan ta sa yatsa a kan wutar.

"Wanga mi ne ne? Ganye ne ke bin shi?"

Daga ranar launi ya bar hannunsa. Bayan la'asar sukan shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Shi ya zana da fensir ya bi da baƙar tawada, ita ta dama galurar rininta da ɗan ƙaro a marafan kwalba, ta bi da ƙaramin burushi. Hannun mai lalle ne, ba ya tsallake layi. Tana kuma da ra'ayi. Ita ta sa wa Bube wando ruwan hoda, Sada bai sani ba sai da ya ji ana dariyarsa a tasha. Ita ta ce bos ɗin da ya zana bai cika mugu ba, ya yi kama da mai sayar da goro, a ƙara masa gira. In sun gama, Sagir ya ɗauki hoton kowane kwali da waya, duk wanda ya zo turin fim ya sa masa Bube a matsayin gyara. Ba a daɗe ba wasu suka fara zuwa don gyaran kawai.

Aka ga Bube ya yi yaƙi da kada a kogi, ashe kututturen giginya ne. Aka gan shi ya kutsa sansanin bos cikin shigar mata, aka kama shi saboda ya tsaya cin tuwon biki. Mutanen Kankiya suna so, amma abin bai wuce garin da ƙauyukan kewaye ba, sai da maganar rijiya ta zo.

Labarin da Sada ke zanawa a lokacin, Bube ne ya samu taswirar wata tukunyar zinariya da ke ƙarƙashin ƙasa, zai sauka rami ya ɗauko. Sada ya zana ramin daga sama, ya yi. Amma yana son gida ɗaya da za a ga duniya daga ƙasan ramin, yadda Bube zai gan ta in ya ɗaga kai. Ya zana ya yaga, ya zana ya yaga. Bai taɓa shiga rami ba, bai san yadda haske ke faɗowa ciki ba. Hassana, cikin tausayi, ta ce ai akwai tsohuwar rijiya da ta ƙafe a lambun marigayi mahaifinta a Tafashiya, suna yara sukan leƙa. Ta faɗa ne a matsayin hira. Ta ce har yau in ta tuna, sai ta ji kamar ta ciji harshenta.

Wata rana bayan azahar cikin bazara Sada ya ce mata zai je rubuta allo a ƙauye. Ya ɗaure tsaninsa na aiki a babur, Sagir ya hau baya yana riƙe da shi. Suka zagaya ta bayan gari don kada surukarsa Iyatu, mahaifiyar Hassana, ta ji labarin zuwansa, domin ba shi da amsar da zai ba ta in ta tambayi abin da ya kawo shi.

Rijiyar ba ta da zurfi sosai, amma ta fi tsanin. Sai suka ɗaura wa tsanin igiya, suka ɗaure ɗaya bakin a jikin bishiyar mangwaro, suka zura shi yana lilo. Sagir ya ja ƙullin ya ce ko bijimi ne zai riƙe. Sada ya maƙala fensir a kunne, ya cusa kwali a cikin riga, ya yi bisimilla. Ya kai tsakiya lafiya. Daga nan ƙullin Sagir ya warware. Tsani ya tafi, Sada ya bi shi, suka isa ƙasa kusan tare. Tsanin ya rabu biyu, ƙafarsa ta hagu ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa.

"Sada! Kana da rai?"

"Ban tabbata ba. Jira in duba."

Da numfashinsa ya dawo, ya jingina da bango ya ɗaga kai. Sai ga abin da ya zo nema. Sama ta zama 'yar faifai a can nesa, kan Sagir baƙi ƙirin a gefenta kamar an yanka da almakashi. Saiwoyin mangwaro sun huda bango suna reto. Haske bai sauko gaba ɗaya ba, ya kwanta a gefe guda ya tsaya a rabi, ƙasa kuwa sanyi da warin tsohuwar laka. Duk da zogin ƙafar, ya zaro kwalin ya fara zane, yana ce wa Sagir kada ya motsa kansa. Sada kan ce a duk rayuwarsa, ɗan lokacin nan ne kaɗai ya ji shi ma wani ne.

Da ya sauke ido don ya gyara zama, ya ga wani abu a naɗe kusa da ƙafarsa mai lafiya.

"Sagir," ya ce da ƙaramar murya. "Maciji."

"Wane iri?"

"Ban tambaye shi ba!"

"Kwantar da hankalinka. Wace kala gare shi? In kore ne, damatsiri ne. In ja-ja ne kuwa, kububuwa ce, kada ka ko yi tari."

"Duk Kankiya da Kusada ka rasa wanda za ka tambaya kala sai ni?"

Kan Sagir ya ɓace daga faifan. Sada ya ji ƙarar takunsa da muryarsa tana nisa, yana kururuwa cewa maciji ya tsare mutum a rijiya. Duk zagayen da suka yi ta bayan gari ya tashi a banza. Sada ya miƙe a kan ƙafa ɗaya, ya manne da bango, ya kama karatu. Ya karanta abin da ya sani, ya shiga abin da yake tsammanin ya manta, surori suna fito masa ɗaya bayan ɗaya kamar jiya ya wanke allonsu. Abin da ke naɗe bai motsa ba. Wannan ya ƙara tabbatar masa cewa mugu ne, dabara yake yi.

Da ya sake ɗaga kai, faifan ya cika da kawuna. Aka zuro igiya, ya ɗaura a ƙarƙashin hammata. Maza suka ja, ya tashi kamar kamu biyu, bakin rijiyar ya fara zubowa a kansa, suka sake shi. Aka yi ta shawara a sama, yana ji ana tattauna nauyinsa kamar ana cinikin rago. A ƙarshe wani manomi mai suna Mudassir ya ce a gitta gungume a bakin rijiyar, a ɗora igiyar a kai, shi zai kawo shanunsa na huɗa. Haka aka yi. Aka ɗaure igiyar a karkiya, Mudassir ya yi wa shanun magana, suka taka.

Sada ya taso a hankali yana juyawa kamar guga, rigarsa ta tattare a wuya, tumbi a waje, wandon ya yage tun daga gwiwa har inda ba a faɗa. Lokacin da kansa ya fito fili, juyin igiyar ya kawo fuskarsa daidai da ta wata tsohuwa da ke tsaye a gaban jama'a, ta riƙe bakin mayafinta. Iyatu ce.

Tun da ya auri 'yarta bai taɓa gaishe ta a tsaye ba. Jikinsa ya yi abin da ya saba tun kafin hankalinsa ya iso. Yana rataye a iska, ya naɗe ƙafafunsa ya durƙusa a kan babu, ya sunkuyar da kai.

"Ina wuni, Inna."

Iyatu ta kawar da fuska gefe, kafaɗunta suna rawa.

"Lafiya lau," ta ce. "Ya aiki?"

"Da godiya."

Nan jama'a suka zube da dariya. Har Mudassir ya saki sandarsa, shanun suka ja da baya, Sada ya koma ciki har wuya kafin a tare su. Bayan an kwantar da shi a gindin mangwaro, wani maharbi ya zura doguwar gora mai ƙugiya ya ciro macijin. Guntuwar igiyar guga ce ta roba, irin wadda ake yankowa daga tsohuwar taya. Baƙa ce. Sagir ya ɗaga ta ya ce to, ko ba komai, wannan karon ba a kan kala aka yi kuskure ba.

A zauren Iyatu mai ɗori ya gyara masa ƙafar, targaɗe ne ba karaya ba. Ta aiko masa da fura da wandon marigayi mijinta. Ya sha furar, kansa a ƙasa. Da aka kawo shi gida a bayan a-kori-kura, Hassana ta fara da salati da kuka, ta duba ƙafar, ta tabbatar ba abin da ya karye, sannan Sagir ya ba ta labarin gaisuwar. Ta zauna daɓas a bakin murhu, ta yi dariya har ta kasa numfashi.

Sada ya yi fushi na gaske. Ya ce ya bar zane har abada, ya sa aka tura kwalayen ƙarƙashin gado. Ya yi makonni a kwance yana kallon rufi. Labarin kuwa yana yawo ba tare da shi ba. Masu zuwa dubiya suna kawo masa shi iri-iri. Wasu sun ji cewa da gaske zinariya ya je haƙa. A Kafinsoli an ce aljanu ne suka kira shi da sunansa. Wani direba ya rantse shanu huɗu aka sa, ɗaya ma ya mutu.

Wata la'asar Hassana ta jawo tabarma kusa da shi, ta jera marafan galurarta, ta ajiye masa kwali da fensir a cinya.

"Na ce na bari."

"Na ji, Malam. To amma su ba su bari ba. Ko dai ka zana abin nan da hannunka, ko su ci gaba da zana ka da bakinsu. Kuma ka ga bakinsu bai iya ba."

Ya yi kwana biyu yana hararar kwalin, sannan ya ɗauka. Bai rage komai ba. Ya sa tsanin, ya sa ƙullin Sagir, ya sa shanun Mudassir suna waiwaye da mamaki, ya sa Bube a rataye yana durƙuso a iska gaban surukarsa. Tukunyar zinariyar ma ya manta da ita. Gidan da ya sha wahala dominsa ya ba shi rabin shafi shi kaɗai, babu magana a ciki: bango, saiwoyi, kai ɗaya baƙi, da 'yar faifan sama. Hassana ta daɗe a kan wannan gidan. Ta yi bangon da duhu, ta bar hasken ya tsaya a rabi yadda ya kwatanta mata, sannan ta dama shuɗi mai kyau ta cike faifan. Shuɗi yana cikin launukan da idon Sada ke gani sosai. Ya karɓi kwalin ya riƙe yana kallo, ita ma ba ta tsokane shi ba.

Wannan labarin ne ya fita daga Kankiya. Daga waya zuwa waya ya kai Katsina, ya kai Kano, wani ɗan kasuwa ya ce ya gan shi a hannun mutane a Maraɗi. Da Sada ya koma rumfa yana ɗingishi, 'yan acaɓa suka riƙa rage gudu a gabansa, su ɗage ƙafafu daga ƙasa su ce, "Ina wuni, Inna!" Shi kuma ya ɗaga burushi ya ce, "Ya aiki?"

Sai saƙo ya zo daga Ƙofa cewa Malam Zainul Abidin yana nemansa.

Sada ya san dalili. Yayansa bai taɓa son zanen abu mai rai ba, ya faɗa masa tun zamanin gidan kallo, sau ɗaya, bai sake ba. Ya same shi a zauren mahaifinsu bayan an tashi ɗalibai, a kan buzun da marigayin ya saba zama. Ya durƙusa ya gaishe shi. Malam ya tambayi ƙafa, ya tambayi Hassana, sannan ya ci gaba da jan carbi.

"An nuna mani abin da ka yi," ya ce.

"Na'am, Yaya."

"Ka san ra'ayina a kan sura. Bai canza ba. Malamai sun yi magana, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta, ni ina tare da masu tsanantawa. Ba zan rataya shi a ɗakina ba."

"Na sani, Yaya."

"Abin da ya sa na kira ka, na ji tsoron ko mutane kake wulaƙantawa. Shi ya sa na sa aka buɗe mani duka, na duba tun daga farko." Ya gyara tabarau. "Ban ga wanda ka ci wa mutunci ba sai mutum ɗaya, shi kuma ga shi zaune gabana, da alama ya yafe."

Sada ya sosa kunne.

"Sai tambaya guda. Sagir ya ce an ji ka kana karatu a cikin ramin. Mi ka karanta?"

Sada ya lissafa masa surorin. Malam ya ɗaga gira.

"Har wannan? Ai ban san ka kai nan ba."

"Ni ma ban sani ba, Yaya, sai ranar."

"Karanto in ji."

Ya karanto. Ya yi tuntuɓe a wuri biyu, Malam ya ɗora shi. Da ya kai ƙarshe, yayan ya daɗe yana kallonsa, gefen bakinsa yana motsi.

"Shekara da shekaru Baba yana fama da kai da bulala," ya ce. "Ashe igiyar guga ya kamata ya nema."

Bai ce masa ya bari ba, bai kuma ce ya ci gaba ba. Da Sada zai tafi, ya rako shi har bakin babur, ya ce bangon makarantar Islamiyya yana bukatar a rubuta masa haruffa da manyan baƙaƙe, ba tsuntsu, ba akuya, ba mutum. Ya ƙara da cewa a zo da Hassana.

Yanzu Sada yana nan a rumfarsa. Ƙafar takan yi masa tsami in hadari ya haɗu. Bube yana ci gaba da shan kashi a kan kwali, Hassana tana ci gaba da sa masa tufafin da ta ga dama. Ta kafa doka ɗaya, wadda Sagir ya zama shaida a kanta: duk abin da Bube zai yi, daga benci za a yi nazarinsa.

A damanar bara dokar ta sha gwaji. Labarin ya kai inda Bube zai diro daga kan babbar mota tana gudu, Sada kuwa bai san yadda jiki ke faɗuwa ba. Aka gan shi yana zagaya wata tirela a tasha yana auna tsayinta da ido. Kafin azahar labari ya kai gida, Hassana ta kira shi a waya, ba ta yi dogon bayani ba. Ya koma benci ya zauna yana huci. Can sai ga wata mota ta taho daga ƙauye da lodin masara, ta faɗa wani rami a titi, buhu ɗaya ya sulluɓo daga sama. Ya daki kwalta da ciki, ya yi tsalle kaɗan, ya mirgina sau biyu, ya kwanta a gefen kwata bakinsa a buɗe, masara na zuba.

Sada ya miƙe tsaye.

"Sagir, ka gani? Jikinmu ɗaya da wanga buhu."

Kafin yaran mota su zo su ɗauke, ya gama zana shi a yadda yake kwance. Ya sa masa hula da takalmi, ya naɗe kwalin, ya tafi gida da wuri don a sa launi.